Martinus Beijerinck: Masanin da ya bi warin magudanan Delft har ya share fagen binciken cututtukan hanji

A shekarar 1895 wani masani ɗan ƙasar Holan ya wallafa maƙala a wata mujallar kimiyya ta Jamus, inda ya bayyana abin da ke sa magudanan ruwan birnin Delft wari irin na baragurbin ƙwai duk lokacin da zafi ya shigo. Ya nuna cewa wata ƙaramar halitta ce mai lanƙwasa, wadda ido ba ya gani, take zaune cikin taɓon ƙasan ruwan tana fitar da iskar mai wari. Sunan masanin Martinus Willem Beijerinck, ana furta sunan nasa na ƙarshe kamar Bayarink.

Beijerinck ba likita ba ne, kuma tsawon rayuwarsa ya nisanci binciken cututtukan ɗan Adam. Amma yau, bayan fiye da shekara 125, dangin wannan halitta da ya zaƙulo daga taɓo, da kuma sinadarin da take amfani da shi wajen sarrafa farar wuta, suna cikin abubuwan da masu binciken lafiya ke zargi da hannu a kumburin babban hanji da wasu cututtuka.

Ɗan fatakin taba da ya karye

An haifi Beijerinck a birnin Amstadam ranar 16 ga Maris, 1851, shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa, Derk Beijerinck, ɗan kasuwar taba ne, amma jarinsa ya karye tun yaron yana ƙarami. Iyalin suka bar Amstadam, daga bisani suka zauna a birnin Haarlem, inda uban ya samu aikin akawu a kamfanin jirgin ƙasa. Gidan ya ɗanɗani talauci, har karatun farko na yaron ma a gida ya yi shi a gaban mahaifinsa.

A makarantar sakandare ta Haarlem ne sha'awarsa ga tsirrai ta bayyana. Ya riƙa bin wani masanin tsirrai na garin, Frederik Willem van Eeden, zuwa cikin tuddan yashi na bakin teku suna tattara ganyaye da furanni. A 1869 ya shiga Kwalejin Fasaha ta Delft ya karanci kimiyyar haɗa sinadarai, ya kammala a 1872. Cikin abokan karatunsa akwai Jacobus van 't Hoff, wanda ya zama mutum na farko da ya karɓi kyautar Nobel a wannan fanni a 1901.

Daga nan ya koma ga abin da zuciyarsa ke so. Ya yi rajista a Jami'ar Leiden don nazarin tsirrai, yana koyarwa a makarantu domin ya ciyar da kansa, har ya samu kujera a makarantar aikin gona ta Wageningen a 1876. Shekara guda bayan haka ya samu digirin digirgir, da bincike kan ƙulluttan da ƙwari ke haddasawa a jikin itatuwa. Wannan aiki ya sa aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana ta Masarautar Holan a 1884, yana da shekara 33.

Daga aji zuwa masana'antar yis

A 1885 wani attajiri mai suna Jacques van Marken, mai masana'antar yis da barasa a Delft, ya gayyace shi aiki. Van Marken ya gina masa ɗakin gwaje-gwaje, ya yanka masa albashi mai tsoka, ya kuma sakar masa mara ya binciki abin da ya ga dama bayan buƙatun masana'antar. A nan ne masanin tsirrai ya rikiɗa ya zama masanin ƙananan halittu.

Zamanin kuwa na Louis Pasteur ne a Faransa da Robert Koch a Jamus. Hankalin duniya ya tattara kan ƙwayoyin da ke jawo tarin fuka da kwalara da makamantansu, kuma can ne suna da kuɗi suke. Beijerinck ya ɗauki wata hanyar. Tambayarsa ita ce wane aiki bakteriya ke yi a cikin ƙasa da ruwa da jikin tsirrai, inda ba a neman mai laifi.

Amsa ta farko ta zo a 1888, lokacin da ya ware bakteriyar da ke zaune cikin 'yan ƙulluttan saiwar tsirrai dangin wake. Masanan Jamus biyu, Hellriegel da Wilfarth, sun riga sun nuna cewa waɗannan tsirrai na samun sinadarin naitirojin daga iska, shi kuwa ya fito da halittar da ke yin aikin. Irin wannan haɗin gwiwa tsakanin saiwa da bakteriya shi ne dalilin da ya sa gonar da aka noma wake ko gyaɗa take ƙara ƙarfi. A 1890 ya raini wani koren gansakuka mai ƙwaya ɗaya shi kaɗai ba gauraye, a 1901 kuma ya bayyana Azotobacter, wadda ke kama naitirojin a cikin ƙasa ba tare da taimakon tsiro ba.

Duk waɗannan nasarori sun dogara ne kan dabara guda. Maimakon ya tsinci halittar da yake nema cikin dubbai, sai ya shirya mata gida: ya haɗa abinci da yanayin da ita kaɗai za ta ji daɗinsa, ya zuba ɗan taɓo ko ƙasa, ya jira. Wadda yanayin ya dace da ita ta hayayyafa ta danne sauran. Shi da masanin Rasha Sergei Winogradsky ake dangantawa da kafa wannan dabara, wadda har gobe ake koyar da ita a jami'o'i.

Numfashi ba tare da iska ba

Delft gari ne da aka ratsa da hanyoyin ruwa, kuma a wancan zamani cikinsu ƙazantar gidaje da ta masana'antu ke kwarara. Da zafi ya yi, sai ruwan ya yi baƙi, iskar haidirojin salfaid ta cika unguwanni. An san cewa ruɓewar nama da sauran abubuwa masu furotin na fitar da wannan iska. Beijerinck ya yi zargin akwai wata hanya ta biyu mafi girma, wato daga gishirin salfet da ke narke cikin ruwan.

Ya cika kwalabe da ruwan magudana da ɗan taɓo, ya ƙara salfet da abinci kaɗan da gishirin ƙarfe, ya toshe su sarai yadda iska ba za ta shiga ba. Bayan kwanaki sai ruwan ya yi baƙi ƙirin, alamar cewa iskar mai wari ta samu ta haɗu da ƙarfen. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ya ga 'yan halittu masu lanƙwasa suna iyo da sauri. Ya raɗa musu suna Spirillum desulfuricans.

Abin da ya gano ya wuce bayanin wari. Mutum da dabba suna ƙona abinci a jikinsu ta hanyar amfani da iskar oksijin. Wannan halitta kuwa oksijin na hana ta aiki, sai take amfani da salfet a madadinsa, ta fitar da haidirojin salfaid kamar yadda mutum ke fitar da gurɓatacciyar iska bayan ya shaƙa. Shekaru takwas kafin nan, a 1887, Winogradsky ya nuna cewa wata bakteriya mai suna Beggiatoa tana cin wannan iska mai wari ta samu ƙarfi. Da aka haɗa ayyukan biyu, sai aka ga yadda farar wuta ke zagayawa a duniya, wasu halittu na saukar da ita, wasu na mayar da ita. Beijerinck da kansa ya ƙara bayyana wasu masu mayarwar a 1904, waɗanda ya sa wa suna Thiobacillus.

Rainon sabuwar halittar ita kaɗai ya ba shi wahala ƙwarai. Mataimakinsa van Delden ne ya kyautata hanyar a 1903, ya kuma samo danginta a ruwan gishiri. A 1936 magajinsa Albert Jan Kluyver da ɗalibin Kluyver, Cornelis van Niel, suka sauya wa jinsin suna zuwa Desulfovibrio, sunan da aka san shi da shi yau.

Farfesa mai zafin rai

A shekarar da maƙalar ta fito, gwamnati ta naɗa shi farfesa a Kwalejin Fasaha ta Delft, aka gina masa sabon ɗakin gwaje-gwaje wanda aka buɗe a 1897. A nan ya yi aikin da ya fi ɗaukaka sunansa. Tun a Wageningen abokin aikinsa Adolf Mayer ya nuna cewa cutar da ke sa ganyen taba dabbare-dabbare tana yaɗuwa ta ruwan ganyen. A 1892 Dmitri Ivanovsky na Rasha ya gano cewa ruwan na ci gaba da harbi ko bayan an tace shi da matacin da ke tare bakteriya, amma ya ci gaba da zargin bakteriya ko gubarta.

A 1898 Beijerinck ya maimaita tacewar, ya ƙara da nuna cewa abin yana ratsa daskararren kunun agar, kuma ba ya hayayyafa sai a cikin sashen tsiro mai rai da ke girma. Ya yanke hukuncin cewa wannan wani sabon nau'in mai harbi ne daban da bakteriya, ya kira shi bairos. Ya ɗauka ruwa ne mai rai, kuma a nan ya kuskure, domin a 1935 Wendell Stanley na Amurka ya daskarar da bairos ɗin, a 1939 kuma aka ga siffarsa da na'ura a Jamus. Duk da haka ana lissafa shi cikin iyayen ilimin bairos. Ɗan wanda taba ta karya shi ne ya gano sirrin cutar taba.

Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun bar bayanin mutum mai wuyar zama. Yana da kaifin harshe, ba ya ɗaukar kuskure daga ɗalibi, kuma yana ganin aure da bincike ba sa haɗuwa a gida ɗaya. Bai taɓa aure ba. 'Yan'uwansa mata biyu ne suka riƙe masa gida, ɗaya daga cikinsu, Henriëtte, ita ce ta zana manyan hotunan tsirrai da ƙananan halittu da yake koyarwa da su. Ɗalibansa ba su da yawa, amma kaɗan ɗin da suka jure sun zama manya, kamar Gerrit van Iterson da Nicolaas Söhngen.

Ya karɓi lambar yabo ta Leeuwenhoek a 1905, kuma Majalisar Masana ta Masarautar Ingila ta zaɓe shi mamba daga ƙetare a 1926. Kyautar Nobel ba ta zo ba. Ya yi ritaya a 1921 yana da shekara 70, ya koma ƙauyen Gorssel da ke gabashin Holan, inda ya ci gaba da gwaje-gwaje a lambunsa. Ya mutu a can ranar 1 ga Janairu, 1931, yana da shekara 79.

Inzayim ɗin da bai gani ba

Beijerinck ya ga abin da halittar ke yi, amma kayan aikin zamaninsa ba su kai su nuna yadda take yi ba. Kowane sauyi a jikin mai rai yana buƙatar inzayim, wato furotin na musamman da ke hanzarta aiki guda tak, kamar mabuɗin da ba ya buɗe kowace ƙofa sai tasa. Gano inzayim ɗin da ke bayan warin Delft ya ɗauki masana shekaru da dama bayan mutuwarsa.

Kafin a kai ga nan, injiniyoyi ne suka fara jin jiki. A 1934 masanan Holan biyu, von Wolzogen Kühr da van der Vlugt, suka danganta cinyewar bututun ƙarfe da aka binne a ƙasa mai laima da waɗannan bakteriya. Har yau kamfanonin mai da hukumomin ruwa a ko'ina suna kashe kuɗi wajen yaƙar su. Iskar da suke fitarwa kuma tana cikin gubar da ke hallaka masu shiga ramin masai ko tsohuwar rijiya ba tare da kariya ba, domin idan ta yi yawa tana kashe jin wari kafin ta kashe mutum.

A tsakiyar shekarun 1950 masanin Ingila John Postgate ya samo wani koren furotin a jikin Desulfovibrio, aka kira shi desulfobiridin. A 1971 Lee da Peck a Amurka suka nuna cewa wannan koren abu inzayim ne, kuma shi ke yin matakin ƙarshe na numfashin halittar. Aikin na tafiya ne hawa uku. Inzayim na farko ya zaburar da salfet, wanda a kan kansa ba ya son motsi. Na biyu ya mayar da shi salfait. Na uku, wanda masana ke taƙaita sunansa da Dsr, ya sauke salfait zuwa haidirojin salfaid da taimakon ƙwayoyin ƙarfe da ke tsakiyarsa. Idan aka ɗiga wa halittar ruwan soda mai ƙarfi aka haska ta da fitila ta musamman, sai ta yi ja, kuma da wannan alama ɗakunan gwaji ke gane ta.

Daga taɓo zuwa cikin hanji

Babban hanjin mutum wuri ne mai ɗumi da laima, babu oksijin, ga abinci a wadace. Ta fuskar bakteriya, bai da bambanci sosai da ƙasan magudanar Delft a watan zafi. Daga ƙarshen shekarun 1980 masana a Kambirij ta Ingila, cikinsu har da Glenn Gibson da John Cummings da George Macfarlane, suka nuna cewa Desulfovibrio da danginta suna zaune a hanjin mutane da yawa masu lafiya, suka kuma fara nazarin alaƙarsu da ciwon gyambon babban hanji, wanda ke zuwa da gudawa mai jini da murɗawar ciki na tsawon shekaru.

Hujjar zargin ta fito ne daga yadda bangon hanji ke samun abincinsa. Ƙwayoyin bangon sun dogara ne galibi kan wani sinadari mai suna butiret, wanda bakteriya masu amfani ke samarwa daga harzar hatsi da ganyaye. Likitan fiɗa William Roediger na birnin Adelaide a Ostareliya ya nuna cewa haidirojin salfaid na hana ƙwayoyin ƙona wannan abinci. Wasu gwaje-gwajen sun nuna cewa iskar na toshe inzayim ɗin da ƙwayar jiki ke numfashi da shi, tana tsinka majinar da ke lulluɓe bangon hanji, kuma tana iya lalata kundin gado na ƙwayar.

A 1989 Ellen Jo Baron da abokan aikinta a Amurka suka bayyana wata sabuwar bakteriya da suka samo daga masu ruɓaɓɓen afendis, suka sa mata suna Bilophila wadsworthia. 'Yar dangin Desulfovibrio ce kuma tana ɗauke da inzayim ɗin Dsr, sai dai ita tana ciro farar wutarta ne daga sinadarin taurin da ke cikin ruwan maɗaciya. A 2012 masu bincike a Jami'ar Chicago suka wallafa a mujallar Nature cewa ɓerayen da aka ciyar da kitsen madara mai yawa sun ƙara fitar da irin wannan ruwan maɗaciya, Bilophila ta hayayyafa, kuma waɗanda gadonsu ya raunana garkuwar hanjinsu suka kamu da kumburi. A 2021 wasu masana a ƙasar Finland suka ba da rahoton samun Desulfovibrio mai yawa a hanjin masu cutar makyarkyata ta Parkinson fiye da na masu lafiya.

Masana na taka-tsantsan da waɗannan sakamako. Samun halitta a wurin ciwo bai isa ya tabbatar da cewa ita ta haddasa shi ba, domin hanjin da ya riga ya kumbura yana iya zama gidan da ya dace da ita, kuma abin da aka gani a ɓera ba lalle ya maimaita kansa a mutum ba. Bugu da ƙari, jikin ɗan Adam ma yana da inzayim ɗinsa da ke samar da haidirojin salfaid kaɗan, wanda ke taimakawa wajen sassauta jijiyoyin jini, kuma bangon hanji mai lafiya yana iya kawar da gubar idan ba ta wuce kima ba. Tambayar da ake bi yanzu ita ce wane adadi ne, a jikin wa, kuma da wane irin abinci.

Akwai kuma wani reshen binciken da ya shafi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Bakteriya da yawa suna samar da wannan iska ta wata hanyar, daga sinadarin sistin da ke cikin furotin, da wasu inzayim daban. A 2011 ayarin Evgeny Nudler na Jami'ar New York ya ba da rahoton cewa iskar na zama garkuwa gare su idan aka kai musu hari da magani. A 2021 ayarin ya bayyana wasu sinadarai da ke toshe ɗaya daga cikin waɗannan inzayim, lamarin da ya ƙara wa magunguna ƙarfi a kan Staphylococcus aureus da Pseudomonas aeruginosa a gwajin ɓeraye. A duniyar da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ke ƙaruwa, wannan hanya ce da ake sa wa ido.

Abin da ya bari

Makarantar tunani da ya kafa a Delft ta rayu bayansa. Kluyver ya gina a kanta ra'ayin cewa duk masu rai, daga bakteriya zuwa giwa, suna sarrafa abinci bisa ƙa'idoji iri ɗaya, van Niel kuma ya kai koyarwar jihar Kalifoniya, inda ya horar da manyan masanan Amurka. An sa sunan Beijerinck ga wani jinsin bakteriya, da wani rami a duniyar wata, da kuma kyautar ilimin bairos da Majalisar Masana ta Holan ke bayarwa.

Baƙin da ya gani a kwalabensa ma bai bar ɗakunan gwaji ba. A asibitoci, ciki har da na Najeriya, idan ana neman Salmonella a bahayan majinyaci, ma'aikacin gwaji yakan shuka samfurin a faranti mai gishirin ƙarfe ya duba ko tsakiyar abin da ya tsiro ya yi baƙi. Haɗuwar haidirojin salfaid da ƙarfe ce, alamar da Beijerinck ya dogara da ita a 1895.

Aikin da ya yi kan taɓon magudana ba a yi shi da nufin warkar da kowa ba, kuma an kusa cika ƙarni kafin likitoci su waiwaye shi. Masana'antar da ta biya shi albashi da gwamnatin da ta gina masa ɗakin gwaje-gwaje ba su ga wannan amfani a zamaninsu ba. Takardunsa da kayan aikinsa da zanen da Henriëtte ta yi suna ajiye har yau a Jami'ar Fasaha ta Delft, a garin da ya ɗebi taɓon.